Cokali Takwas

Kafin in ba ku labarin abin da ya faru ranar Asabar, sai kun fara sanin girman cikina, domin a nan maganar take. Ku ɗauki kofin shayi ku raba shi biyu. To, rabin nan shi ne iyakata. In da cokali za a auna, takwas ne. Na tara ba abinci ba ne a wurina, azaba ce.

Wata bakwai ke nan da aka yi mini tiyata aka rage mini tumbi. Kafin nan kilo ɗari da ashirin da shida nake, ga hawan jini, ga gwiwoyi masu kuka, ina 'yar shekara ashirin da bakwai. A shagon tabarau da nake aiki akwai matattakala goma sha ɗaya zuwa ɗakin gwajin ido, kuma sai na huta sau biyu kafin in kai sama. Yanzu ina hawa da waya a kunne, ina hira. Ban taɓa nadama ba. Duk safiyar da na sunkuya na ɗaure takalmina numfashina bai ɗauke ba, sai na gode wa Allah.

Sai dai aikin ya zo da dokokinsa. Nama ko kifi ko ƙwai ake fara ci, a yanyanka ƙanana, a tauna har ya narke. A ajiye cokali bayan kowace loma. Ba a haɗa ci da sha: ruwa sai minti talatin kafin abinci, ko minti talatin bayansa. Likita ta ce sannu a hankali zan kai kofi guda, kada in yi gaggawa. Wanda ya karya doka kuwa cikinsa ne zai hukunta shi nan take. Wani abu zai tokare ƙirji kamar an haɗiyi dutse, gumi ya karyo, yawu ya cika baki, daga nan sai banɗaki.

Umma kuma ta ƙara tata dokar a kan ta likita: kada kowa ya ji.

Kada ku ɗauka muguwa ce. Ita ta kwana uku a kan kujerar asibiti, ita ta yi makonni tana markaɗa mini abinci tana tacewa kamar mai renon jariri. Amma ta ce mutane ba sa bambance tumbi da mahaifa, da zarar sun ji an buɗe cikin yarinya za su ce ba za ta haihu ba. Na tuna mata cewa likita ta ce babu abin da zai hana, jira kawai zan yi jikina ya daidaita. Ta ce likita ba za ta bi gida gida tana bayani ba. Ta sauke tsofaffin hotunana daga bangon falo ta rataya kalanda. Maƙwabta kuwa an ce musu sukari na daina sha, ina kuma tafiyar ƙafa. Ta sa na yi mata alkawari babu wanda zai ji daga bakina sai bayan aure.

Ana nan sai ga Mai Sanyi.

Yayata ce ta laƙaba masa sunan, saboda gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, yake yi. Wata uku da suka wuce ya zo gyara na shagonmu, ya hau tsani, ya ce in riƙe masa kusoshi a tafin hannuna. Dogo ne, marar yawan magana, kullum da sukudireba a aljihun gaba. Bayan kwana biyu ya dawo da tabaran mahaifiyarsa wai kusa ta saki in ɗaure masa. Na dubi tabarau, na dubi aljihunsa, shi ma ya dubi aljihun, muka yi dariya. Daga nan aka fara. Bai san ni a da ba. Wannan da yake gani ita kaɗai ya sani.

Duk Laraba sai ya kawo mini kular abinci daga mahaifiyarsa, wadda ta yi shekara talatin tana riƙe da ɗakin cin abincin ma'aikata a wani kamfanin katifa. Nakan kai gida in tsinci 'yar tsokata, Yaya ta share sauran, sannan ta jingina ta ba ni abin da zan rubuta masa. Ta ce in ce citta ta ji daidai. Ta ce in ce shinkafar ba ta caɓe ba. Ni kuma in tura.

Na sha zama ina juya maganar a raina. Shin wanda ya yi shiru ya yi ƙarya? Ban taɓa ce masa na cinye ba. Cewa na yi abincin ya yi daɗi, kuma ya yi. Amma kular tana koma masa fanko a wanke, ita kuma tana faɗin abin da bakina bai faɗa ba. Sai in kawar da tunanin da cewa ai biyayya nake yi wa uwa.

Ranar Larabar da ta wuce, maimakon kula, saƙo ya shigo.

"Mama ta ce ki zo cin abincin rana ranar Asabar. Da kanta za ta shiga kicin."

Ban gama haɗiye wannan ba wani ya biyo.

"Gargaɗi ɗaya. Mama ba ta tambayar mutum ko abinci ya yi daɗi. Faranti take karantawa."

Ya turo murya yana bayani yana dariya. Wai shekara talatin ɗin nan ba a bakin tukunya take tsayawa ba, a tagar da farantai ke dawowa take tsayawa. Daga abin da aka rage take gane gishiri ya yi yawa, ko wane ba shi da lafiya, ko wane ya yi faɗa da matarsa. Akwai direban da ta taɓa korawa asibiti don ya bar nama kwana uku a jere, aka je kuwa aka sami gyambon ciki. Shi yana dariya, ni ina tuna cokalina takwas.

Na roƙi Umma ta sake ni daga alkawarin. Idonta ya kawo ruwa. Ta tuna mini wanda ya zo wurina sau biyu shekaru uku da suka wuce, ya koma ya ce wa kawuna shi ba zai iya ba, kamar ni kaya ce za a ɗora masa. Ta ce ba za ta sake ganina na kulle ɗaki kwana biyar ba. Sai ta kawo dabara: Yaya za ta raka ni, ta zauna a gefena, da an sami sarari a yi musanyar faranti.

Ranar Asabar na sa doguwar rigata shuɗiya mai duhu, wadda tela ya rage sau uku, mai dogon hannu saboda fatar dantsena da ta saki. Na yafa mayafi ruwan madara. Na ƙi karya kumallo wai don in sami wuri, alhali na san yunwa ba ta ƙara wa rabin kofi girma. Yaya ma ba ta karya ba. Ta ce ita yau aiki za ta je.

Gidansu a hawa na biyu yake. Falon sanyi ƙalau kamar cikin firij, tebur an shimfiɗa masa leda mai hoton lemo. A bango akwai hoton wani siririn dattijo yana murmushi, mahaifin Mai Sanyi, wanda ya rasu shekara shida da suka wuce. Mama gajeruwa ce mai ƙarfin dantse, wuyan hannunta duk tabon ƙunar mai, ga tabaran da na ɗaure a fuskarta. Ta amsa gaisuwarmu, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ashe ni ce mai yabon cittarta. Yaya ta yi tari.

Da kanta ta zuba. Shinkafa tudu guda, cinyar kaza biyu, dankali, miya tana malala ta gefe. Na dubi farantin na ga abincina na kwana uku.

Na fara yadda na saba. Na cire fatar kazar, na yanyanka tsokar, na tauna, na ajiye cokali. Ina ƙirgawa a zuci ina amsa tambayoyinta game da aikina da su Umma. Biyar. Shida. Wallahi kazar ta yi daɗin da ya sa na ji haushin kaina. Da na kai takwas sai na shiga tura shinkafa gefe gefe don ta yi kamar an taɓa ta.

Sai Mama ta tashi ɗauko wani abu a kicin. A daidai lokacin wayar Mai Sanyi ta yi ƙara, wani ne esinsa ke zubar da ruwa, ya juya wajen taga yana ba shi haƙuri. Kafin in ƙifta ido Yaya ta yi aikinta. Farantinta da ta share tas yana gabana, tuduna yana gabanta.

Mama ta dawo, ta hangi farantin tun daga ƙofa, fuskarta ta washe.

"Madalla. Ga irin 'yar da nake so."

Ta ɗauki ludayi ta sake gina mini wani tudun. Sannan ta jawo kujera ta zauna dab da ni, ta ce ita babu abin da ke faranta mata rai kamar kallon mai ci. Na dubi Yaya. Yaya ta dubi silin.

Tara. Na ji ya tsaya a tsakiyar ƙirjina. Goma. Gumi ya tsattsafo mini a goshi cikin wannan sanyin. Na miƙa hannu wajen kofin ruwa, na tuna ruwa ƙara tsananta abin zai yi, na janye. Na dafe ƙirji a fakaice, na ɗebo na goma sha ɗaya. Cokalin yana hanyar bakina sai na ji an riƙe wuyan hannuna.

"Ajiye," in ji Mama, a hankali, yadda ni kaɗai zan ji. Murmushin nan ya bar fuskarta gaba ɗaya. "Banɗaki yana hannun hagu. Tashi sannu, kada ki yi sauri."

Ba sai na ba ku labarin banɗaki ba. Da na wanke fuska na fito, ta riga ta ce wa ɗanta ya zauna da baƙuwarsa Yaya, ita tana da magana da ni a kicin.

Ta tura ƙofa. Farantai biyu ne a kan kanta, ta jera su kamar shaidu. Ta nuna na farko da ludayi, ta ce dubi ƙashin nan, an fasa shi an tsotse, wannan na mai lafiya ne, na yayarki. Ta ce da ta matso kusa ta duba tun farko da ba ta ƙara mini ba, murna ce ta rufe mata ido. Sannan ta nuna na biyu, wanda Yaya ba ta kai ga ci ba. An cire fata, an yanka nama kamar na ɗan yaye, an tura shinkafa gefe. Kofin ruwana kuma a cike.

"Shekara huɗu ina wanke irin wannan farantin," ta ce.

Mijinta ne. Ciwon daji aka gano a tumbinsa, aka yanke mafi yawansa. Haka yake ci, haka yake ajiye cokali, haka yake dafe ƙirji, haka kuma yake tura shinkafa gefe in an yi baƙi don kada a gane. Ta ce ba za ta hana ɗanta abin da yake so ba, ba ita ke raya mutum ba. Amma yaron nan shi ya riƙa goya mahaifinsa a bayansa yana hawa benen nan da shi, tana so ta san yadda za ta shirya zuciyarsa.

"Faɗa mini tsakaninki da Allah, 'yata. Me suka gani a cikinki? Sun ce sun cire shi duka?"

A nan tambayar da na yi wata uku ina juyawa ta sami amsa. Na ɗauka shiru wuri ne da babu kowa, wanda mutum zai fake a ciki. Ashe in ka yi shiru, kowa da abin da yake zubawa a ciki. Wannan baiwar Allah ta zuba mutuwar mijinta a nawa shirun, tana tsaye a gabana tana shirin yin jinyata. In na riƙe alkawarin Umma, na bar ta da wannan. Na ce a raina Umma ta yafe mini.

Na gaya mata komai. Kilo ɗari da ashirin da shida, matattakala goma sha ɗaya, tiyata, rabin kofi.

Ta zauna a kan buhun shinkafa.

"Ƙiba?"

"Ƙiba ce kawai, Mama. Lafiyata ƙalau. Ban taɓa jin lafiya irin ta yanzu ba."

Ta cire tabarau ta rufe fuska da gefen zanenta. Kafaɗunta suna motsi, na kasa gane kuka take ko dariya, ashe duka biyun ne. Da ta ɗago sai ta fara neman gafarata a kan tudu na biyu. Daga nan ta koma faɗa. Ta ce ita da take tinƙaho da karatun faranti, yau an yi mata musanya a teburinta. Ta tambayi kulolin wata uku a cikin wa suka tafi. Sai muka ji muryar Yaya daga bayan ƙofa tana cewa Allah ya saka da alheri, Mama, citta tana jin daidai. Mama ta ce ta bar bakin ƙofarta kafin ta fito da ludayi.

Na gaya mata abin da Umma take tsoro, maganar haihuwa. Ta yi tsaki, ba na raini ba. Ta ce uwa ce, tana da uzuri, amma wadda ta yi shekara talatin tana feɗe kaji ba sai an gaya mata tumbi daban mahaifa daban ba.

Sannan ta taka kujera ta lalubo can saman kabad. Ta sauko da wani ƙaramin kwano fari mai shuɗin layi a baki, da ɗan cokali a ciki. Ta wanke su a tsanake duk da ba su da datti.

"Nawa kike iyawa?"

"Takwas."

"Shi da huɗu ya fara, ya kai tara." Ta goge kwanon. Ta ce girkin mutum ɗari biyu wasa ne a kan girkin cokali takwas, domin a nan babu wurin cokalin banza, kowane sai ya zo da amfani ya kuma zo da daɗi. Ta ce ta ɗauka ilimin ya mutu tare da mai shi.

Ta hana ni motsi kusan awa guda, muna hira tana tsince ƙaya daga wani kifi da ta dafa har ya yi laushi. Da ta ga launin fuskata ya dawo sai ta zuba cokali uku kacal a kwanon, ta ce yau cikin ya sha wuya, a lallaɓa shi. Ta riƙe kwanon ba ta miƙo ba.

"Ya sani?"

Na girgiza kai.

Ta ce maganar tawa ce, ba za ta ɗauka ta kai masa ba. Amma in san cewa ya san kwanon nan, shi yake wanke shi. In na fita da shi a hannu, numfashi biyu nake da shi kafin zuciyarsa ta faɗi. In kuma ban shirya ba, in ci a nan kicin ta mayar da shi sama, babu wanda zai ji.

Na karɓa. Na buɗe ƙofa.

Yana zaune yana nuna wa Yaya wani abu a waya. Ya ɗago da murmushi, idonsa ya sauka a hannuna, murmushin ya tsaya.

"Ba irin na Baba ba ne," na ce da sauri. "Ba ni da ciwo. Zauna ka ji."

Na gaya masa, ban rage komai ba, har musanyar faranti da yabon citta. Na buɗe wayata na nemo hoton da Umma ta sauke daga bango, na miƙa masa. Ya daɗe yana kallo. Ya dube ni, ya sake duban hoton, ya ajiye wayar a kan ledar tebur.

"Mama ta riga ni ji."

"Ta riga ka gani ne. Ni ce ban faɗa ba, kuma ban kyauta ba."

Ya kau da kai wajen taga. Yaya, wadda ba a taɓa rufe wa baki ba, tana wasa da gefen mayafinta. Na ce a raina shi ke nan, Umma ta yi gaskiya, gara in ci kifina in tafi da mutuncina. Na zauna na ɗauki ɗan cokalin.

Sai ya miƙo dogon hannunsa ya ɗauke kofin ruwan da ke kusa da ni, ya kai shi can ƙarshen tebur. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango.

"Minti talatin," ya ce. "Na san aikin." Ya gyara zama. "Zan yi fushi, ki sani. Wata uku ina karanta yabon yayarki ina murna. Amma sai kin gama ci."

Na ci cokali ukun nan ina hawaye, yana kallon agogo, Mama tana tsaye a ƙofar kicin tana kallon kwano.

Da la'asar muka fito, kwanon yana cikin jakata a naɗe da tawul. A mota na duba waya na tarar da kiran Umma huɗu da saƙo ɗaya: "Yaya dai, Auta? Asiri ya rufu?"

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe na tura mata hoton da na ɗauka kafin a wanke kwanon, fari tas, da ɗan cokalin a kwance a ciki. Na rubuta a ƙasa: "Na cinye, Umma. Yau na fara cinye abinci a gidan mutane. Sauran maganar a bakina take, ki dafa shayi."

Alama ta nuna ta karanta. Na ga tana rubutu, ta tsaya. Ta sake farawa, ta sake tsayawa. Muna shan kwanar layinmu na hango ta a bakin ƙofa, wayar a hannunta, tana jira.